Kayan Sallar Hure

Watan jiya, a wajen wani suna a Gaya, wata yarinya da ba ta wuce shekara ashirin ba ta kwance ƙullin da aka kawo wa mai jego. Ta ga kuka da daddawa da sabulun salo, sai ta yatsine fuska ta ce, "Kai! Wannan ai kayan Sallar Hure ne." Mata suka kwashe da dariya. Na kira ta na tambaye ta ko ta san Huren. Ta ce a'a, haka dai ta ji ana faɗa in an yi kyautar rowa. Ba ta san ta ba, uwarta ma ba ta san ta ba, amma ga sunan a bakinta kamar ita ta raɗa shi.

To, ni na san ta. Yayar ubana ce, gwaggona. Na yi shiru sama da shekara ashirin saboda alkawarin da ta sa na ɗauka. Wadda aka yi alkawarin dominta ta rasu bara, Allah ya jiƙanta, saboda haka bakina ya buɗe. Zan faɗi yadda Gwaggo Hure ta kusa rasa 'yarta guda ɗaya tilo a kan kayan Sallah, da abin da ta bayar kafin ta same ta. Wanda zai ji haushi ya ji.

A Toranke aka haife ta, a nan ta yi aure, a nan mijinta ya rasu shekara guda bayan samun mulkin kai. Ya bar mata yarinya, Hanne, da 'yar gona a bayan gari, da awaki. Ba ta sake aure ba. Gajeriya ce, baƙa, mai ƙaramar murya. Tana kaɗi, tana daddawa, tana noma gonarta da hannunta. Da yake Hanne 'yar fari ce, ban taɓa jin ta kama sunanta ba. "Yarinyar nan" take cewa, ko bayan yarinyar ta yi aure ta haihu.

A shekarun nan gyaɗa na kuɗi, kuma Sallah na faɗowa daidai lokacin cinikinta. In aka kai gyaɗa awo, sai kasuwar Ajingi ta cika ta batse. Atamfa, langa mai fure, takalmin roba, turare a 'yar kwalba, kowa sai ya kinkimo. Akwai matan da ke jera langa har rufin ɗaki, ba a taɓa zuba ko ruwa a ciki ba. Gwaggo kuwa tun azumi na farko take fara sayayyarta, amma da ido. Ta shiga gidan nan ta yi barka da shan ruwa, ta shiga wancan. Kafin ta fito ta ga ludayin wa ya tsage, faifan wa ya zare, ƙafar wa ta yi faso. Ranar kasuwa sai ta goye hannu a baya ta zaga sau biyu ba ta taɓa komai ba. In mai kaya ya ɗaga mata wani abu mai ƙyalli, tambayarta ɗaya ce: "Bayan Sallah fa?" Har 'yan kasuwa suka sa mata Iya Bayan-Sallah.

Abin da take bayarwa shi ne abin da ta ga an rasa. Yaro ba ta ba shi alewa, 'yar budurwar kaza take ba shi, ta ce in ta yi ƙwai ya kawo mata ɗaya ta gani. Tsohuwa ta samu man kaɗe. Ƙwaryar da ta fashe ta karɓa ta kai wa gyartai ya ɗinke, ta mayar cike da wake. Tsofaffin zannuwan dangi kuwa tattarawa take ta kai marina a sake tsoma su a baba, a kai mabuga a buge su har su riƙa ɗaukar ido. Ranar Idi in ka ga mace cikin baƙin zane yana walƙiya yana ƙamshin shuni, daga hannun Gwaggo ya fito. Wannan ce matar da ake kira marowaciya. Wadda ta fi kowa sanin abin da ke damun maƙwabcinta!

Amma ba zan ɓoye aibinta ba, don shi ne ya ja mata. Bakinta ba zuma. In ta miƙa miki sabon ludayi sai ta ce, "Ungo, na ga naki ya tsage." A gaban kowa. Mutum kuwa yana son a ba shi, amma ba ya son a nuna masa an leƙa ɗakinsa.

Shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira, ita ce shekarar fari. Ruwa ya yi latti, ya zo kuma ya ɗauke tun gero na cikin bunni, bai fid da kai ba. Gyaɗa ko a ba labari. Ni lokacin na gama sakandare ina koyarwa a firamare a Ajingi, kuma a shekarar, gab da azumi, aka kai Hanne Kademi. Mijinta Tukur, ɗan Malam Gwadabe. Malam Gwadabe manomi ne da ake ji da shi, ba don yawan gona ba, sai don geronsa. Irin gidansu ne tun kakansa, doguwar zangarniya, mai saurin nuna. Kowace kaka yakan zaɓi zangarniyar da ta fi cika ya ware ta iri, ya ɗaure da kabar da ya rina ja da karan dafi. Kowa a Kademi ya san wannan jan ɗaurin. Mu ma mun sani, don da suka zo neman aure ya kawo wa babana 'yan zangarniya a cikinsa yana alfahari.

Ƙaramar Sallah ta zo daidai kaka, kakar da ba a ga komai ba. Ita ce Sallar Hanne ta farko a gidan miji, kuma kowa ya san abin da ake jira daga uwar amarya: turmin atamfa, da ɗan kayan ƙwalam, a kai gidan surukai a buɗe a gaban mata. Gwaggo ta san haka. Duk tsaurinta ta yarda bana za ta sayi atamfa. Ta janyo akuyarta mai ciki, wadda ta rage mata, ranar kasuwar ƙarshe kafin Sallah, ta biyo ta makaranta ta ɗauke ni in taya ta zaɓe.

"Gwaggo, ga layin 'yan atamfa can."

"Na gan shi, Malama. Ba gudu zai yi ba."

Muna cikin zagayen nata na farko, a layin 'yan hatsi, sai ta tsaya cak. Wani dattijo ne ya ja amawali ya rufe baki, yana sauke ƙananan damunan gero biyu a gaban wani ma'auni da ake kira Maiwada. Bai yi ciniki mai tsawo ba. Ya karɓi abin da aka ba shi ya juya da sauri, ya nufi layin 'yan atamfa.

"Kin gane mutumin can?"

"Surukinki ne. Malam Gwadabe."

"Me ya kawo mutumin Kademi kasuwar Ajingi, ya tsallake ta Gaya?"

Sai a lokacin na ga jan ɗaurin. Irinsa ya kawo. Ya zo nesa ne don kada mutanen garinsu su gani. Manomi ya sayar da tunkiyarsa ba komai, ya sayar da rigarsa ba komai, amma a ce ya sayar da irinsa, wannan abin a rufe fuska ne har 'ya'ya.

Gwaggo ta ja akuya ta isa wajen ma'aunin.

"Maiwada, me za ka yi da wannan?"

"Me ake yi da gero, Iya Bayan-Sallah? In sa a sussuke in auna wa masu fura."

"Iri ne fa."

"Iya, bana wa ke tambayar iri? Kowa cikinsa yake ji."

Ta ɗaga zangarniya ɗaya ta murza da babban yatsa, ta duba ƙwayar. Sai ta miƙa masa igiyar akuyar. "Riƙe. Da ciki take, wata biyu ta haihu. Ɗora mini damunan a kai."

Maiwada bai yi musu ba, shi ya san ya ci riba. Ni ce na yi musu, har mutane na waiwayowa.

"Gwaggo! Sallar farko ce fa! Ke kaɗai ce uwar da ba za ta aika atamfa ba? Da wane ido Hanne za ta kalli dangin miji?"

"In ta ɗaura atamfar, bayan Sallah fa? Gidan da ya sayar da irinsa, in ruwa ya sauka me zai zuba a ƙasa? A gidan nan yarinyar nan za ta ci tuwo baɗi. Atamfa za ta tuƙa?"

Muka koma Toranke da gero. Maimakon atamfa ta buɗe adakarta ta ɗauko zanen saƙin da aka kai ta ɗakin miji da shi, wanda ba ta taɓa bari kowa ya taɓa ba. Ta kai marina, ta tsaya a kan mabugi har sai da ya yi yadda take so. Ta haɗa da daddawa da kuka. Damunan ta naɗe su a sabuwar tabarma.

Ga kuskuren. Ba ta kwance jan ɗaurin ba. A ganinta ma hakan ya fi, su ga nasu ne ya dawo, ba wani baƙon iri ba. Ni ma da nake taƙama da boko ban ce mata komai ba. Hankalina na kan atamfa.

Washegarin Sallah ni na kai kayan, don uwa ba ta kai wa da kanta. Na tarar da gidan cike da mata 'yan yawon Sallah. Uwar miji, Indo, na zaune a tsakiya cikin sabuwar atamfa, ko wanki ba ta gani ba, ga sababbin langa an jera da shinkafa. A shekarar fari! Aka yi mini maraba, aka shimfiɗa tabarma, aka ce a buɗe kayan uwar amarya. Zane ya fito, aka juya shi, aka gane ba sabo ba ne. Daddawa ta fito, kuka ta fito. Sannan aka warware tabarma.

Wata tsohuwa maƙwabciyarsu ce ta fara magana, kuma na tabbata ba da mugunta ta yi ba.

"Af! Indo, wannan ba ɗaurin Malam ba ne? Ba shekaranjiya kika ce irinku na rumbu an liƙe ba?"

Na ga fuskar Indo. Ban taɓa ganin jini ya bar fuskar mutum haka ba. Duk matan nan suka dubi damunan, suka dubi atamfar jikinta. Amma mace ce mai saurin baki, kafin a ƙifta ido ta samo mafita.

"Yana rumbu mana! Karan dafi a gonarmu kaɗai yake fitowa? Kwaikwayo ne, don a ce ta yi abin kirki." Ta miƙe ta ɗaga zanen da yatsu biyu kamar ta ɗauko mushe. "Jama'a, ku zo ku ga kayan Sallar Hure! 'Ya ɗaya Allah ya ba ta, Sallar farko, ta aiko mata tsumma da abincin kaji!"

Aka yi dariya. An fi son a yi dariyar, ta fi sauƙi a kan abin da kowa ya gani da idonsa. A nan aka haifi maganar da yarinyar nan ta Gaya ta gada.

Hanne na tsaye a bakin ɗakinta, kanta a ƙasa. Da Indo ta yar da zanen, ta zo ta tsince shi ta shige ɗaki. Sauran kayan aka naɗe mini su. Indo ta raka ni har zaure, a nan ta sauke murya, dariyar ta tafi.

"Ki gaya wa gwaggonki mu ba mabarata ba ne. Ta tona mana asiri a gaban gari, ta huta. Muddin ina gidan nan ƙafarta ba za ta taka shi ba, 'yarta kuma ba za ta je mata ba."

Na isa Toranke da la'asar na zayyana wa Gwaggo komai, ban rage ba. Ta saurara tana kaɗi. Da na gama ta ce, "Yarinyar ta rame?" Na ce kaɗan. Ta ce, "Ta ɗauki zanen?" Na ce ta ɗauka. Sai ta tashi ta rataye damunan a ƙuryar ɗakinta, can sama inda ɓera ba zai kai ba. Ta ce, "Bar su. In hadari ya haɗo za su zo da ƙafarsu."

Babbar Sallah ta zo, gidaje kaɗan ne suka yi layya. Gwaggo ta sake aika kuka da daddawa ta hannun wata mai zuwa Kademi. Aka dawo da su ko kwancewa ba a yi ba, tare da saƙo: Hanne na da ciki, kuma a Kademi za ta haihu, a Kademi za ta yi wanka. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san nauyin wannan. Haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta. Uwa ce ke dafa ruwan wanka, ita ke dama kunun kanwa, ita ke kwana da jariri har arba'in. A hana uwa wannan, an ce mata ba ta haifa ba ke nan. Ranar ce kawai na ga Gwaggo ta ajiye mazari ba ta ƙarasa abawar ba.

Daga nan yunwa ta shigo sosai. Aka ci rogo, aka ci dusa, aka ci ganyen da a da awaki ake ba. Samari suka watse cin rani, har da Tukur mijin Hanne, ya tafi Kano. Gwaggo ta zube, wuyanta ya zama kamar sillen kara, ga gero rataye a kanta tana kwana tana tashi a ƙarƙashinsa. Babana, ƙanenta Kabo, ya shiga ɗakin wata rana ya ɗaga kai ya gani.

"Yaya, wai ke wace iri ce? Sun ce ba sa so. Sun zage ki a gaban gari. Sauke mu sussuke ki sha kunu."

"Ba nawa ba ne."

"Da akuyar wa aka saya?"

"Na riga na bayar, Kabo. Abin da ka bayar ya tashi daga naka, ko an karɓa ko ba a karɓa ba. Fita mini, kana tsare mini haske."

Bazara ta yi nisa, zafi ya kai inda ya kai, hadari ya fara leƙowa daga gabas yana komawa. Kowa ya shiga sharar gona, masu iri da marasa iri. Cikin Hanne ya shiga wata takwas. Ba wanda ya zo daga Kademi. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, daɗi nake ji. So nake ruwa ya sauka su rasa abin shukawa, Indo ta zo ta durƙusa.

Wata Asabar da hantsi na je Toranke na tarar da Gwaggo ta sauke damunan, tana zaune a tsakar gida tana kwance jan ɗaurin ɗaya bayan ɗaya.

"Malama, zo ki kama mini."

"Sun aiko ne?"

"Ba za su aiko ba. Ni ma da ni ce ba zan aiko ba." Ta jefa kabar a murhu. "Laifina ne."

Na tashi kamar zan tashi sama. Laifinki? Ke da kika ba da akuyarki? Ke da kika kwana da yunwa? Na faɗi maganganu a kan Indo waɗanda ba zan rubuta ba. Ta bar ni na gama.

"Mutumin nan ya tsallake kasuwar Gaya ya zo Ajingi, ya rufe fuskarsa, don kada a sani. Ni na gani, na ɗauko abin da ya ɓoye na aika aka shimfiɗa a tsakar gidansa ranar Sallah. Na iya saye, Malama, ban iya bayarwa ba. Shekara nawa ina miƙa wa mutane abu ina gaya musu nasu ya tsage? Kama nan."

Ba ta yarda an sa a turmi ba, kada ƙwayar ta fashe. Da hannu muka murje zangarniyar nan kaf, muka sheƙe, ta zuba a tsohon buhun gishiri, ta bi samansa da garin kuka, yadda duk wanda ya leƙa kuka zai gani. Kabar kuwa ta ƙone ƙurmus.

Washegari da sassafe muka hau motar 'yan kasuwa zuwa Gaya, daga can muka samu wata ta sauke mu kusa da Kademi. Ba mu shiga gari ba. Indo ta ce ƙafarta ba za ta taka gidan ba, ba ta kuwa taka ba. Ta bayan gari muka bi muna tambaya har gonar Malam Gwadabe. Yana can shi kaɗai yana tara kara yana cinna wuta. Gonar ta sharu tas, kamar ta mai iri. Na tsaya gindin wata ƙirya, Gwaggo ta ƙarasa da buhun a kai. Da ya gane ta sai ya saki manjagara ya durƙusa, ita ma ta durƙusa. Suka gaisa gaisuwar surukai, doguwa, kowa na kallon ƙasa. Aka tambayi gida, aka tambayi zafi, aka tambayi ya muka ji da shekara.

"Iya, ke ce da kanki a wannan rana?"

"Ajiyarka na kawo, Malam."

"Ban ba ki ajiya ba."

"Ka ba ni. A Ajingi, kasuwar jajibere. Ka manta ne, shekarar ta yi wa kowa nauyi. Na gaji da gadi, ɓeraye sun dame ni."

Ta tura masa buhun. Ya kwance, ya ga kuka, ya dube ta. Ta ce ya zura hannu. Ya zura har gwiwar hannu ya damƙo, ya buɗe tafinsa. Manomi ya san ƙwayar geronsa kamar yadda ya san fuskar ɗansa. Ya daɗe yana kallo. Sai ya juya mana baya, ya ja amawali, kafaɗunsa na rawa. Dattijo mai furfura.

Da ya juyo ya ce, "Kwana goma sha ina share gonar nan ban san me zan zuba mata ba. Ina yi ne don kada a ce. Gari duk na ganin yana rumbu."

"To yana rumbu. Wa ya ce ba ya nan? Kai ka liƙe rumbunka, kai za ka buɗe."

"Iya, an zalunce ki a gidana, ina ji ban ce komai ba. Wallahi ranar Juma'a zan tashi a masallaci in faɗi gaskiya, kowa ya ji."

"Kada ka soma."

"Sunanki fa? Har yara na waƙa da shi."

"In ka faɗa, ka wanke ni ka tsoma uwar gidanka. Wadda aka kunyata sau biyu kuwa ba ni za ta huce a kai ba, a kan yarinyar nan za ta huce. Da ita take kwana, da ita take tashi, ni ina Toranke. Bar mini sunan, na iya ɗaukarsa."

Sai ya ce, "Kayan Sallah ba a karɓarsa hannu biyu ba tukwici. Me zan ba ki? Ba ni da komai, kin gani."

"Kana da shi. A kawo mini yarinyar nan ta haihu a gabana."

"Ko da me za a yi, za a kawo ta."

A hanyar komawa ta sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba muddin Indo na numfashi. Na ce wannan zalunci ne. Ta ce ba ta tambaye ni sunan abin ba, rantsuwa ta ce in yi. Na yi.

Kwana tara bayan nan ruwan shuka ya sauka. Malam Gwadabe ya fasa rumbunsa a gaban maƙwabta, ya fito da iri, har ya sammawa mutum biyu da suka rasa. Aka ce ai dama Malam ba ya wasa da iri. Sati biyu da shuka, ya kawo Hanne Toranke da kansa. Me ya faɗa wa Indo, ban sani ba har yau. Hanne ta sauko daga mota da baƙin zanen nan a jikinta. Gwaggo na tsaye a ƙofar gida, ba ta rungume ta ba, ba ta kira sunanta ba. Cewa ta yi, "Kin iso? Shiga, rana na dukanki." Sai ta zaga bayan ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Namiji aka haifa, aka sa masa Datti. Gwaggo ta yi wankan nan kwana arba'in cur, da itacen da ta yi wata tana tarawa. Indo ta zo suna cikin atamfarta, suka gaisa sama-sama, ta ci tuwo ta tafi. Ta san komai, ita da ta san rumbun nan wayam yake. Ba ta taɓa cewa an gode ba, ba ta kuma taɓa janye maganarta ba. Abin da zan shaide ta da shi ɗaya ne: daga ranar ba ta ƙara ɗaga wa Hanne murya ba, sun zauna lafiya har ƙarshe. Kowace kaka kuma sai ɗan dami mai jan ɗauri ya iso Toranke, ba saƙo, ba sallama, har shekarar da Gwaggo ta rasu, ƙarshen damina, shekara biyar bayan haihuwar Datti.

Abin da ke ci mini rai ke nan. Matan da suka yi dariyar nan sun ci tuwon geron, 'ya'yansu sun ci. Atamfar Indo ta koɗe ta zama tsumman goge langa tun ba a je ko'ina ba. Amma wadda ta kwana da yunwa a ƙarƙashin abincin wasu ita ce marowaciya, har a bakin yaran da ba a haife su ba a lokacin. Yanzu ma ina gani, Sallah na matsowa mutum zai sayar da abin da zai ci gobe don a gan shi yau, in ka ce masa bayan Sallah fa, ya ce ka cika baƙin ciki. Duk wanda zai sake cewa kayan Sallar Hure, ya faɗa, amma ya san abin da ke cikin tabarmar.

Sau ɗaya na taɓa tambayar Gwaggo. Mun dawo daga kasuwar Ajingi, inda wata ta faɗi maganar a bayanmu da ƙarfi don mu ji. Datti na goye a bayanta cikin baƙin zanen, ya yi barci, tana tsugune tana dama masa koko.

"Gwaggo, wai ba ya yi miki ciwo?"

"Yana yi mana. Ni dutse ce?" Ta gyara goyon da hannu ɗaya. "Miƙo mini ludayin can, kada ya tashi bai samu ba."